Shekarar da Agogo Ya Fi Ni Gaskiya

Na san abin da kuke faɗa a kaina, kai Babangida da ke Rukayya, ko da yake ba a gabana kuke faɗa ba. Cewa kuke yi na hana Babanku abinci a shekarar da aka yanke masa ƙafa, kuma faɗana ne ya tayar masa da sukari. Kun faɗa har ya zama labarin gida, jikokina suka taso suka tarar da shi. Ranar sunan 'yar Rukayya ta ƙarshe ina zaune a uwar ɗaki na ji wata ƙanwar Babanku tana ba baƙi labarin, har da ƙarin gishiri, wai sai da aka riƙa kawo wa bawan Allah abinci daga waje don kada yunwa ta kashe shi a gidansa. Ba wanda ya ce mata ta yi shiru. Ke Rukayya kina wurin, kina rabon waina. To yau zan ba da nawa, kuma ba don a ba ni haƙuri nake rubutawa ba. Lokacin da nake bukatarsa ya wuce.

Abin ya faro ne bayan mun bar gidan gwamnati na Garki. Babanku ya yi ritaya yana mataimakin darakta, ni kuwa na riga shi ajiye aiki, bayan na ƙarar da ƙuruciyata ina buga wa manya takardu a wata ma'aikatar gwamnati. Muka koma gidan da muka gina a hanyar Bwari, can inda kwalta ta ƙare. Ku ba ku ga abin da ritaya ta yi wa mutumin nan ba, ni na gani. Wayar da a da ba ta barinsa ya gama cin abinci sai ta yi tsit. Masu oga-oga duk suka watse. Ya kan ɗauko wayar ya duba ko ta mutu ne, ya ga da ranta, ya mayar aljihu. Muna cikin haka aka gano yana da ciwon sukari. Likitar wata mace ce 'yar ƙarama wadda ba ta san wasa ba. Ta ce ga magani, amma maganin ba zai yi aiki shi kaɗai ba, sai ya rage tuwo ya kuma riƙa taka ƙasa da ƙafarsa. Ta sa muka sayi 'yar na'urar da ake soka yatsa a ɗiga mata jini ta faɗi yawan sukarin. Da za mu fita, ni ta kalla, ba shi ba, ta ce aikin yana hannun wanda ke riƙe da tukunya.

Na karɓi aikin. Maƙwabciyarmu Maman Joy, 'yar Filato ce, ita ta riƙa kawo mini acca daga garinsu. Na koyi yin fatenta da tuwonta, na cika gidan da wake da zogale da kifi. Malmalar tuwon shinkafar da Alhaji ya saba gani kamar kan jariri ta koma kamar ƙwan kaza. Na ɓoye sukari, na hana lemun kwalba shigowa. Bayan sallar asuba kuma in tasa shi gaba mu taka har gadar rafi mu dawo, muna wuce matan Gbagyi da itacensu a kafaɗa, suna gaishe mu suna dariya, don Alhaji da babbar riga yake motsa jikinsa, wai ba zai sa wandon yara ba. Yana tafe yana mita, ina tafe ina amsa masa. Amma kafin sanyi ya wuce tumbin ya ragu, jinin da muke gwadawa ya sauko, likitar har murmushi ta yi mana. Wannan ba ya cikin labarin da kuke bayarwa.

Sai Babangida ya zo da agogo. Ɗan fari ne, ko sunansa na yanka ba na kira, kuma ban taɓa shakkar cewa don ƙaunar ubansa ya saya ba. Agogon baƙi ne mai faffaɗar fuska, ya ɗaura wa Alhaji a hannun hagu yana ta latse-latse.

"Baba, wannan shi zai riƙa lissafa maka kalorin da ka ƙona. In wannan zoben na fuskarsa ya cika, to ka yi aikin yini. Kuma ina gani a wayata daga ofis."

Na ce, "Mene ne kuma kalori?"

"Ƙarfin da ke cikin abinci ne, Mama. Kamar man mota. Abin da mutum ya ci ya zuba, abin da ya motsa ya ƙona. In Baba ya ƙona da yawa, ba laifi a ɗan ƙara masa abinci."

"Agogon yana wuyan hannu, ta ina ya san abin da ciki ya ƙona?"

"Ƙiyasi yake yi. Na sa masa shekarun Baba da nauyinsa da tsayinsa, shi kuma yana bin motsin hannu."

Kalmar ƙiyasi ba baƙuwata ba ce. Na buga ƙiyasin kuɗin da ma'aikatarmu za ta kashe har yatsuna suka yi kanta, ban taɓa ganin shekarar da abin da aka ƙiyasta ya haɗu da abin da ya faru ba. Na faɗi haka, aka yi dariya, Alhaji ya ce in bar yaro ya yi aikinsa. Yana ta juya hannu yana kallon agogon, na ga rabon da fuskarsa ta yi haske haka tun ranar walimar ajiye aikinsa. Sai na bar maganar.

Da farko ba a samu matsala ba. Mukan je gada mu dawo, zoben ya cika wajen rabi, Alhaji ya ƙarasa sauran da zagayen tsakar gida. Sai bazara ta shigo, irin zafin Abuja da yake sa bango ya yi ta huci har magariba. Taransifomar unguwarmu ta ƙone, aka shiga taron kwamiti ba wuta. Gwiwar Alhaji ta fara ciwo, ko kuma ya ce ta fara. Yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi, har tafiyar asuba ta mutu. Ya koma ƙarƙashin mangwaron tsakar gida a kan kujerar roba, carbi a hannun dama, maficin kaba a hannun hagu, daga hantsi har la'asar yana fifita. Wata rana ina tsince wake a gefensa sai agogon ya yi wata 'yar ƙara, fuskarsa ta cika da walƙiya. Alhaji ya duba, ya sake dubawa, ya kalli maficin. Sai ya fashe da dariya har carbin ya faɗi.

"Hajiya, yi mini sannu da zuwa. Ashe na je Zuba a ƙasa na dawo."

Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Agogon ya ɗauki kaɗa mafici a matsayin tafiya, ya lissafa masa kalorin mutumin da ya yini yana yawo. Na ce to ga ƙiyasin naku nan, bari yaron ya kira mu ba shi labari. Bayan magariba kuwa ya kira. Ina jin muryarsa daga inda nake.

"Baba, yau ka burge ni. Ka cika zobe har ka wuce. Na nuna wa abokan aikina, na ce ku ga tsohona."

Na jira Alhaji ya ba da labarin maficin. Sai na ji ya gyara murya, irin gyaran da yake yi a da in zai yi magana a taro, ya ce ai motsa jiki sai da naci. Da ya ajiye wayar na tambaye shi me ya hana shi faɗa. Ya ce gobe zai faɗa, yau yaron yana cikin farin ciki. Goben ba ta zo ba. Kullum zoben ya cika, kullum Babangida ya kira, wani lokaci ya haɗa da Rukayya su yi ta yi masa kirari. Mutumin da wayarsa ta yi wata da watanni ba ta yi ƙara ba, ga shi kowace magariba ana nemansa. Na gane abin da yake samu, kuma da a nan abin ya tsaya da na bar masa kayansa. Amma sai ya fara neman lada. Ya turo mini hannu a kan tabarmar cin abinci, ya ce zobe ya cika, a ƙaro malmala. Na ce zoben mafici ne, sai dai a ba maficin tuwo. Ranar farko ya yi dariya, daga baya ya daina.

Wata Lahadi kuka zo gaba ɗaya. Zainab, matar Babangida, ta kawo shinkafa dafa-duka da soyayyar agada da katan ɗin lemu. Baƙunta ce, ban hana ba, na zuba wa Alhaji daidai yadda likita ta nuna. Ya share, ya jawo kular da kansa ya cika farantin ya tula, ya buɗe lemu. Na miƙa hannu na ɗauke farantin daga gabansa. Wannan shi ne abin da kuka gani, kuma a kansa kuka gina duk sauran.

Babangida ya ce, "Mama, lafiya?"

Na ce, "Ya ƙoshi."

Alhaji ya ce, "Ban ƙoshi ba."

Babangida ya ciro waya ya juyo mini da fuskarta. "Mama, duba mana. Satin nan kullum zoben Baba a cike yake. Ni da nake zuwa gidan motsa jiki ban kamo shi ba. Mutumin da ke ƙona wannan ai dole ya ci."

"Babanku ba ya zuwa ko'ina sai masallaci, shi ma ga shi nan bayan katanga."

Alhaji bai ɗago kai ba. A hankali ya ce, "Ina fita in kin tafi Islamiyya."

Na kalle shi, ya kalli tabarma. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa jin ya yi ƙarya a kaina ba sai ranar. Maganar mafici tana bakina, amma ga surukata zaune, ga jikoki. Ba a haife ni a gidan da mace ke ƙaryata mijinta a gaban surukarta ba, kuma ba zan mai da dattijon da ya riƙe ofis abin dariyar yara ba, a ce yana kaɗa mafici don a ba shi tuwo. Na tashi da farantin na shiga kicin. Ina ji Zainab ta ɗauko wani ta zuba masa.

Washegari na kira Babangida shi kaɗai, na faɗa masa komai, da maficin da kujerar robar da ranar da aka fara. Ina so ku riƙe wannan, domin daga baya kun yi kamar ban taɓa faɗa ba. Na faɗa, da bakina, da rana tsaka. Dariya ya yi. Ya ce zai tambayi Baba. Ya tambaya, Baban ya ce masa, ka san mamarka da zolaya. Da ya sake kirana muryarsa ta canza, ta koma irin wadda ake lallashin mara lafiya da ita.

"Mama, na san kina ƙoƙari. Amma na'ura ba ta da son zuciya. Abin da ta gani take faɗa."

Na ce, "Ni ce mai son zuciyar ke nan?"

"Ba haka nake nufi ba."

"To zo ka yini biyu a gidan nan ka gani da idonka."

Ya ce aiki ya yi yawa, sai an gama wani taro. Na kira Rukayya, ita kuma ta ce, "Mama, ki sassauta. Mutum ya tsufa, a bar shi ya ci abin da ransa ke so. Faɗan ya yi yawa." Daga Gwarinpa, inda Babangida yake zaune, zuwa gidanmu ba tafiyar kwana ba ce. Ba wanda ya zo ya zauna ya duba. Kun gwammace ku kalli zobe a waya, kuka ajiye maganar matar da take kwana take tashi da shi. Ni na yi wankan jegonku, ni na san kukan yunwarku da na ƙiuya tun ba ku iya magana ba, amma a kan mijina sai aka ce agogo ya fi ni sani. Wannan ya ƙona mini rai, har yau kuma yana ƙona mini.

Bayan 'yan kwanaki sai ga direban Babangida da azahar, ɗauke da kuloli a kwando, wai madam ta ce a kawo wa Baba. Tuwon shinkafa ne da miyar taushe, malmala manya, ga farfesu, ga kunun gyaɗa an zuba masa sukari. Ina raye, ina da hannuwa biyu, tukunyata tana kan wuta, a aiko wa mijina abinci daga wani gida. Ko mutuwa aka yi, kwana uku ake kawo abinci a daina. Unguwa kuwa ta gani, don motar ba ta iya shiga lungunmu sai ta tsaya a bakin hanya direban ya ratso da kwandon. Maman Joy ta leƙo ta katanga.

"Hajiya, kai ba lafiya ne? Na ga ana kawo abinci kullum. In jiki ne ka gaya mini, ni zan zo in dafa."

Na ce lafiyata ƙalau. Washegari na tsaya a bakin ƙofa, direban yana isowa na ce ya mayar, ya gaya wa madam ɗinsa matar gidan ba ta mutu ba. Haka na yi ta yi, yana kawowa ina mayarwa, har ya daina zuwa. Na ɗauka na yi nasara. Alhaji ma ya daina mitar acca, ya riƙa cinye ɗan abin da na ba shi ba musu, har na fara jin tausayinsa. Sai na ga maiƙon miya a gaban babbar rigarsa ranar da ban yi miyar manja ba. Ashe kwandon bai daina zuwa ba, hanya aka canza masa. Ana kai shi majalisar ƙofar masallaci bayan azahar, Alhaji ya ci da abokansa, ya shigo gida ya ci nawa. Abinci biyu yake ci, ɗana ne ya shirya, kuma duk dattawan unguwa sun san ana ciyar da Alhaji a ɓoye saboda matarsa.

Na'urar gwajin jini kuwa tuni ya kulle ta a durowa, ya ce ya gaji da huda yatsa tunda ga agogo. Ranar komawa asibiti ta zo ya ce ba inda za shi, lafiyarsa lau. Ni kuwa ina gani. Yana shan ruwa kamar an aiko shi, yana zaryar banɗaki, kiyashi suna taruwa inda ya yi fitsari. Yana ramewa, ku kuma kuna cewa motsa jiki ne ya karɓe shi. Na shiga motar haya ni kaɗai na je wurin likitar, ta ce ba ta iya duba mutumin da ba ya nan, in kawo shi ko da ɗaure shi zan yi. Na roƙi Babangida ya zo ya kai shi, tunda maganarsa ake ji. Ya ce in sha Allah wata mai zuwa. A wannan lokacin na yi faɗa, ban musa ba. Na yi da safe, na yi da yamma, na yi kuka, na yi fushi na daina magana, na dawo na ci gaba. Wanda ya ga gidansa na cin wuta ba ya magana a hankali.

Da Babbar Sallah ya sa sabon takalmi sau-ciki, ya goge masa babban yatsa. Bai ji zafi ba, don ciwon ya riga ya kashe masa jin ƙafar. Da ya ga wurin ya ƙi warkewa sai ya riƙa rufe shi da safa, har alwala ya koma yi a masallaci don kada in gani. Wari ne ya tona. Ina gyara shimfiɗa na ji shi, na ce ya cire safar, ya ƙi, na durƙusa na cire da kaina. Abin da na gani ba zan rubuta ba. Mijin Maman Joy ne ya kai mu asibiti a motarsa. Aka fara da yatsun, abin bai tsaya ba, aka yanke daga ƙasan gwiwa.

A barandar asibitin Babangida ya tare likitan da ya yi aikin, ya nuna masa waya, ya ce ga shi kullum mahaifinsa yana motsa jiki, ta yaya haka za ta faru. Likitan ya ɗan duba ya ce wannan ƙiyasi ne kawai, ba a auna abincin mai sukari da shi, kuma jinin ya nuna sukarin ya daɗe a sama. Rukayya ta tambaya ko damuwa tana iya tayar da shi. Ya ce tana iya taimakawa. Cikin duk abin da mutumin nan ya faɗa, wannan kaɗai kuka ɗauka. Na ga kun kalli juna, sannan kuka kalle ni.

Na yi niyyar in tara ku a gaban gadonsa in sa shi ya faɗa da bakinsa. Da hantsi, bayan an gama zagayen likitoci, muna mu biyu, na gaya masa haka. Ya daɗe yana kallon wurin da bargon ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa. Sai ya kira ni da sunana, abin da ya yi shekaru bai yi ba.

"Asabe, duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Ni na yi wa kaina. Ki yafe mini."

Na ce, "Ba ni za ka gaya wa ba. Su za ka gaya wa."

"In na gaya musu, me yaron nan zai ji? Shi ya sayo agogon, shi ya aiko da abincin. Zai ce da hannunsa ya yanke wa ubansa ƙafa. Kin san shi, ba zai ƙara ɗaga kai ba."

"Ni fa? Ni in ɗauka ke nan?"

"Ke kina iyawa. Shi ba zai iya ba. Don Allah ki bar shi a haka."

Na fita na zauna a benci cike da haushi. Ya yi ƙarya a kaina, ya bari an mai da ni abin nuni a unguwa, yanzu kuma yana roƙon in saka rigar laifin in zauna a cikinta. Sai ga Babangida ya taho daga wurin karɓar magani, idanunsa jawur, rigarsa ta kwana biyu a jikinsa, ya wuce ni ya shiga ya durƙusa a gefen gadon ya kifa kai. Na leƙa na gan shi. Na koma ciki bayan ya fita na ce wa Alhaji na yi alkawari. Ban yi don Alhaji ba.

Abin da alkawarin ya ci mini, ku kuka fi kowa sani, don ku kuka karɓa. Zainab ta daina barin yara su kwana a wurina. Rukayya ta koma kiran wayar Babanta kai tsaye, in na ɗauka ta ce a ba Baba. Dangin Alhaji suka riƙa zuwa dubiya da 'yan ƙulle-ƙullen abinci suna tura masa ƙarƙashin matashi. Ni kuwa na wanke dungulmin, na koya masa tafiya da sanda, na ɗauke shi na sauke shi har iyakar kwanakin da Allah ya ƙara masa. Ya ci accata ba musu har ya koma ga Mahaliccinsa. Na yafe masa, Allah ya jiƙansa, amma ban taɓa ce masa abin ya daina yi mini ciwo ba, shi ma bai tambaya ba. Bayan rasuwarsa na ci gaba da riƙe bakina, ina ganin alkawarin da aka yi wa mamaci ya fi na mai rai nauyi. Da niyyata in tafi da shi kabari.

Watan jiya na je Gwarinpa. A kicin Zainab ta rage murya ta ce mini an gwada Babangida, shi ma an samu sukarin, amma ya ce kada a gaya mini don kada in ta da hankalin gida. Muka zauna cin abinci. Na ga ya share farantinsa, ya juya wuyan hannu ya duba, ya yi murmushi, ya ce wa Zainab yau ya ƙona da yawa, a ƙaro shinkafa. Na tambaye shi yaushe rabonsa da gwada jini. Ya ce, "Mama, kada mu fara." Na dawo gida ban iya cin komai ba.

Saboda haka yanzu da kai nake, Babangida. Ban ce ba ka motsa jiki ba, na san kana zuwa kana yin gumi. Amma abin da ke hannunka bai san cikinka ba, kamar yadda bai san na ubanka ba. Ubanka bai taka ko'ina ba tun da bazarar shekarar nan ta shigo, mafici yake kaɗawa, ya faɗa mini da bakinsa a gadon asibiti, kuma abincin da aka riƙa kai masa ƙofar masallaci yana cikin abin da ya ci ƙafarsa. Ya roƙe ni in ɓoye maka don kada ranka ya ɓaci, na ɓoye, na sha abin da na sha. Yau na karya alkawarin, in laifi ne ni da shi za mu yi maganar a can. Na san abin da karanta wannan zai yi maka, ni na haife ka. Ka yi kukanka, ka ji haushin ubanka, ka ji nawa. Amma ranar Litinin da safe ka zo ka ɗauke ni mu je wurin likita tare, a gwada ka ina tsaye. In ba ka son yi mini magana, ka yi shiru a mota, na saba.